Ruwan ƙashi, romo da dunƙule: wanne girkinki yake nema?

"Assalamu alaikum Anti. Ina yawan bin girke-girke a intanet, na gida da na waje. Wani ya ce a zuba stock kofi biyu, wani ya ce broth, wani kuma bouillon. Ni dai a ganina duk ruwan nama ne, don haka sai in jefa dunƙule biyu a ruwan zafi in ci gaba da aikina. Amma sau da yawa gishiri yakan yi yawa, miyar kuma ta fito tsararo, ba ta kama baki kamar ta gidan biki. Da gaske akwai bambanci, ko iyayin Turawa ne kawai? In akwai, wanne zan sa a ina?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki biyu ce a haɗe: ko abubuwan nan uku sun bambanta, da kuma dalilin da ya sa miyarki take yin gishiri ba ta yin jiki. Akwai bambanci, kuma shi ne ya haifar da matsalolin nan biyu da kika kawo. Kina ɗora wa dunƙule aikin da ba zai iya ba, shi kuma yana ƙara miki abin da girkin bai nema ba.

Stock ruwan ƙashi ne. A dafa ƙashi da guringuntsi da jijiya awanni masu yawa a kan wuta kaɗan, ba a sa gishiri, kuma ba don a sha ake yinsa ba, don a yi wani girkin da shi ne. Broth shi ne romonmu: nama aka dafa, aka sa gishiri da kayan ƙamshi, ana iya zuba shi a kwano a sha yadda yake. Bouillon a wurin Faransawa romo ne shi ma, sai dai yau in kin gan shi a girkin Amurka ko a jikin kwali, yawanci dunƙule ko garinsa ake nufi. Daga nan zan kira su da sunayen da muka saba: ruwan ƙashi, romo, dunƙule.

Abin da ƙashi yake bayarwa

Kin taɓa dafa ƙafar sa da dare lokacin hunturu, da safe ki buɗe tukunya ki tarar ruwan ya daskare, in kin taɓa shi da cokali yana rawa? Wannan daskarewar ita ce abin da ake nema a ruwan ƙashi. A cikin guringuntsi da jijiya da fata da gaɓoɓi akwai wani furotin mai tauri da ake kira kolajin. Shi ne yake sa jijiya ta gagari haƙori. In ya daɗe a ruwan zafi sai ya warware ya narke ya zama jelatin, shi kuma jelatin yana ba ruwa nauyi da danƙo. Ɗanɗanonsa ba wani mai ƙarfi ba ne, aikinsa shi ne ya sa miya ta lulluɓe harshe ta ɗan jima a baki, har ki ji leɓɓanki suna mannewa bayan kin haɗiye. Abin da kike kira kama baki ke nan. Masu ragadada da langaɓu sun san wannan tun kafin mu ji wata kalmar waje, shi ya sa tukunyarsu take kwana a kan wuta.

Ba kowane ƙashi ne yake bayarwa daidai ba. Dogon ƙashin cinya mai ɓargo yana ba da maiƙo da ƙamshi, amma jelatin ɗinsa kaɗan ne. Inda arzikin yake shi ne gaɓoɓi: gwiwa, ƙafa, bindi, wuya, kai. A kaza kuwa ƙafafu da fukafukai da wuya da ƙashin baya. Ƙafar kaza da ake rainawa ta fi ƙirji amfani a wannan aikin nesa ba kusa ba. Dabbar da ba ta tsufa ba ta fi guringuntsi, shi ya sa a girkin Faransa suka fi son ƙashin maraƙi. Tsohuwar dabba kuma ta fi ɗanɗano. In kin je wurin mahauci, ki ce ya haɗa miki gwiwa da ɗan bindi, ya sare su ƙanana yadda ruwa zai ratsa. Kuɗin bai kai na tsoka ba.

Dalilin da ya sa Faransawa suka ware wannan ruwan suka ba shi matsayi shi ne tsarin girkinsu. Miyarsu ta kan nama yawanci ruwan ƙashi ce da aka ƙone a wuta har ta yi kauri da kanta. Auguste Escoffier, wanda ya tsara girkin manyan otal-otal a farkon ƙarni na 20, ya ɗauki ruwan ƙashi a matsayin tushen aikin kicin gaba ɗaya, kuma makarantun koyon girki har yau a kan wannan tsarin suke. Mu kuwa kaurin miyarmu daga kuka yake zuwa, ko kuɓewa, ko gyaɗa, ko agushi, ko kabewa, don haka ba mu ware ruwan ƙashi da suna na daban ba. Muna jefa ƙashin a cikin miyar ne kai tsaye. Amma miyar kukar da aka kaɗa a ruwan ƙashi da wadda aka kaɗa a farin ruwa, ko yaro ya ɗanɗana zai gane.

Abu ɗaya game da yanayinmu: jelatin yana narkewa da zafin da bai kai na jikin mutum ba. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, ruwan ƙashi mai kyau ba zai daskare a kan tebur ba, kada ki ce bai yi ba. Ki ɗiga kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, ki bari ya sha iska, ki buɗe. In sun manne, ya yi.

Romo

Romo daga tsoka yake samun daɗinsa. Abubuwan da suke ba nama ɗanɗano suna narkewa a ruwa da wuri, cikin awa ɗaya zuwa biyu yawancinsu sun fita. Saboda haka romo ba ya buƙatar doguwar dahuwa, kuma in kin wuce da shi naman ne zai koma dusa, ba ɗanɗano ba laushi mai daɗi. A romo ana son a ci naman a sha ruwan, shi ya sa ake sa gishiri tun farko, da albasa da citta da tafarnuwa da masoro. Farfesun kaza, farfesun kayan ciki, romon da ake ci da masa ko a tsoma biredi da safe, duk wannan gidan ne. Ya fi ruwan ƙashi daɗi a cokalin farko, ya fi shi ƙamshi, amma bai kai shi jiki ba.

Kazar gida da zabuwa su ne sarakan romo. Sun yi yawo, sun daɗe a duniya, namansu ya yi tauri ya tara ɗanɗano. Kazar gidan gona da ake yankawa tana da sati shida ko bakwai tana nuna cikin minti talatin, ruwanta kuma ya fito fari salam. Wannan na cikin dalilan da suka sa hannunmu ya yi nauyi a dunƙule: naman da muke saye yanzu ba ya ba ruwa abin da na da yake bayarwa, sai mu cike giɓin da abin leda.

A nan akwai abin da zai rage miki ruɗani sosai. In mai girkin 'yar Najeriya ce ko 'yar Gana ta rubuta a zuba stock a dafa-duka ko a miyar dage-dage, kusan kullum ruwan tafashen nama take nufi, wato wanda ya rage bayan an sulala nama da albasa da kori da dunƙule kafin a soya. Wannan romo ne, da gishirinsa da komai. In kuwa littafin Turai ne ko na makarantar girki, ruwan ƙashi marar gishiri ake nufi. A Amurka kuma kwalayen kanti sun cakuɗa sunayen, za ki ga biyu a jere, sunan daban, abin ciki kusan ɗaya. Abin da suke tallatawa yanzu da sunan bone broth ma ruwan ƙashi ne da aka sa wa gishiri don a sha. Don haka sunan kaɗai ba zai ishe ki ba. Ki duba wa ya rubuta girkin, sannan ki duba me za a yi da ruwan bayan an zuba.

Dunƙule

Dunƙule ƙoƙarin masana'anta ne na sa romo a aljihu. Tun 1865 kamfanin Liebig yake dafa naman shanu a Fray Bentos ta ƙasar Yurugwai yana ƙone ruwan har ya zama baƙin kauri, ana kaiwa Turai a kwalabe. Julius Maggi, ɗan ƙasar Siwizalan, ya fitar da dunƙulensa a 1908, Oxo ya biyo a Ingila a 1910, Knorr na Jamus a 1912. A 1947 Maggi ya shiga hannun Nestlé. A 1908 ɗin dai, wani masanin kimiyya a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne yake ba romon ciyawar teku daɗinsa, shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda muke kira farin magi.

Ki ɗauko ledar dunƙule ki karanta jerin abin da ke ciki. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, kuma za ki ga gishiri ne a gaba. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, a wasu ma ya wuce rabi. Sai gulutamet, da sitaci, da mai, da sukari, da garin albasa, da launi, da wasu sinadarai biyu da suke ninka ƙarfin gulutamet, irin waɗanda ake samu a nama da busasshen kifi. Nama, in akwai, ɗan kaɗan ne. Jelatin babu. To kin ga inda miyarki ta samu matsala. Dunƙule yana kawo gishiri da wannan ɗanɗanon mai cika baki, amma ko goma kika jefa ba za su ƙara wa ruwa nauyi ba. Da kika ji miyar ba ta kama baki ba sai ki ƙara ɗaya, jikin bai zo ba, gishirin ya haura.

Ni ba na cikin masu cewa dunƙule guba ne. Ina amfani da shi a gida da wurin aikin biki. Gulutamet ɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin tumatir nunanne da busasshen kifi da daddawa, kuma hukumomin abinci na duniya sun amince da shi a gwargwadon da ake ci. Gishirin da ake sa wa yawancin na kasuwarmu mai aidin ne, wasu kuma an ƙara musu sinadarin ƙarfe saboda ƙarancin jini. Ga uwar da take ciyar da mutum goma da nama na ɗan kuɗi kaɗan, dunƙule rufin asiri ne, kuma ba zan tsaya ina yi mata wa'azi ba. Abin da yake damuna shi ne yadda ya mayar da miyarmu baki ɗaya. Taushe, kuka, kuɓewa, zogale, duk ɗanɗano ɗaya suke komawa in dunƙule ya yi musu yawa, har yara su taso ba su san yadda kabewa take a harshe ba.

Kuma muna da namu tun fil azal. Daddawar kalwa, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, aikinta ke nan: a dafa kalwa, a wanke, a rufe ta kwana biyu zuwa uku, ƙwayoyin halitta su farfasa furotin ɗinta su saki gulutamet. Daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa ma haka. Bambancinta da dunƙule shi ne tana kawo wannan ɗanɗanon da ƙamshinta na kanta ba tare da tulin gishiri ba, sai wanda mai yin ta ta ƙara don ajiya. A miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya, daddawa mai kyau da kan busasshen kifi da aka daka suna rage miki buƙatar dunƙule zuwa rabi, wani lokaci ma ki manta da shi.

Inda gishirin yake taruwa

Ruwa yana tafiya a tururi, gishiri ba ya tafiya. Duk lissafin a nan yake. In girki ya ce a zuba ruwan ƙashi kofi huɗu a bar shi ya ƙone ya koma kofi ɗaya, ke kuma kika zuba romo ko ruwan dunƙule da gishirinsa ya yi daidai a baki, to a ƙarshe gishirin ya ninka huɗu. Dalilin da ya sa ba a sa wa ruwan ƙashi gishiri ke nan, don mai girki ta riƙe linzami a hannunta har ƙarshe. Haka dafa-duka: shinkafa tana shanye ruwan gaba ɗaya, wani ya tafi a tururi, duk gishirin da ya shiga tukunya yana cikin ƙwayar. Mu kuma mun saba sa dunƙule sau uku a girki ɗaya: a tafashen nama, a soya kayan miya, sannan bayan an tsaida ruwa. Ga gishirin hannu, ga kori da garin ɗanɗano na leda da su ma da nasu gishirin.

Ƙaramin dunƙule na kasuwarmu giram 4 ne, wato gishirin da ke ciki ya kai wajen giram 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙule biyu da kika ce kina jefawa a ruwan zafi sun kusa cinye rabon mutum ɗaya na yini, tun ba ki ɗauki gwangwanin gishiri ba.

To ga yadda za ki riƙa musanya. In girkin miya ce mai ruwa da za a sha, ko fate, ko farfesu, romo ne wurinsa, ruwan ƙashi ma zai yi in kin gyara masa gishiri da ƙamshi. In girkin na ƙonewa ne, ko miyar kan nama irin ta Turawa, ko kina son miyar dage-dage mai sheƙi da take manne wa shinkafa, ruwan ƙashi za ki nema. In babu, ki yi da romon da ba ki sa wa gishiri ba, ki jefa ƙafafun kaza ko guntun ganda tun farkon dahuwa su ba shi jiki. In dunƙule kaɗai gare ki, ki sa ƙarami ɗaya a kofi biyu na ruwa, kada ki sa gishiri ko ƙwaya sai girkin ya kusa sauka kin ɗanɗana. Dafa-duka kuwa romon tafashen nama ya fi dacewa da ita, sai dai ki ɗanɗana romon kafin ki zuba, ki ƙirga dunƙulen da ya riga ya shiga. In girki ya rubuta bouillon da cokali ko da ƙwaya, dunƙule ne ko garinsa. In ya rubuta da kofi ko lita, ruwan romo ne.

Ga wadda take zaune a Turai ko Amurka, ki karanta jikin kwali da kyau. Wasu ana yinsu da ƙashin alade, wasu da naman da ba yankan Musulunci ba, ruwan ƙashi mai duhu na gidajen abinci kuma sau da yawa ana zuba masa giya.

Yadda nake dafa nawa

Ƙashi kilo ɗaya, ruwa lita biyu, ko dai yadda zai rufe ƙashin da kamar yatsu biyu. Yawan ruwa shi ne babban abin da yake hana shi jiki. In ƙashin sa ne ko na rago, nakan fara zuba masa ruwa ya tafasa minti biyar, in zubar da wannan ruwan mai baƙin kumfa, in ɗauraye ƙashin da tukunyar, sannan in tsaida sabon ruwa mai sanyi. Wannan yana cire ƙarni, kuma ba a yi asarar komai ba, don jelatin bai fara fita ba. In ina son mai duhu da ƙamshin gashi, sai in gasa ƙashin a kan gawayi ko in soya shi a busasshiyar tukunya har ya yi ja kafin ya shiga ruwa. Ja nake nufi, in ya ƙone ɗaci zai bi ruwan duka.

Wuta ita ce inda aka fi kuskure. Mun saba a bar tukunya tana ɓararraka, murfi yana rawa. Tafasa mai ƙarfi tana farfasa kitse ta cakuɗa shi da ruwan, ya fito gurɓatacce mai nauyin maiƙo. Abin da ake so, ruwan ya riƙa motsi a hankali, ƙwayar tafasa tana ɓullowa nan da can. Gawayin da ya ci ya lafa ya fi komai dacewa da wannan, ya kuma fi gas sauƙin kuɗi a aikin awanni. A rabin awar farko ki tsaya kusa da ludayi kina kwashe kumfar da take taruwa a gefe. Murfin a ɗan karkace shi. Na kaza awa 3 zuwa 4, na sa awa 6 zuwa 8. Tukunyar firesha tana yin na kaza cikin awa ɗaya, na sa cikin biyu. Kifi daban ne: kai da ƙashin karfasa ko giwan ruwa minti 20 zuwa 30 sun isa, a cire matsarmama da jan abin da ke cikin kunnen kifin, don su ne masu kawo ɗaci.

Turawa suna sa albasa da karas da seleri. Ni albasa kaɗai nake sawa, da 'yan ƙwayoyin masoro, su ma a awar ƙarshe, don kayan lambu in sun wuce awa ɗaya a wuta ƙamshinsu ya gudu. Karas yana kawo zaƙin da ba ya tafiya da kuka ko kuɓewa. Kanumfari da kimba da citta kuwa ina ajiye su sai ranar girki, saboda in sun shiga tun farko, duk abin da kika dafa da ruwan farfesu zai koma. Kanwa ma ba na sawa. Tana saurin laushi, amma tana duhunta ruwan ta ba shi ɗanɗanon sabulu. Masu jefa farasitamol a tukunya don ƙafa ta yi saurin nuna kuwa, don Allah a bari, magani ne mai illa ga hanta in ya yi yawa, ba kayan miya ba ne. Kai da ƙafa kuma ki saya inda kika san da itace ake babbaka su. Wanda aka babbake da taya, warin da dattin suna shiga fatar, kuma doguwar dahuwa cikin ruwanki za ta juye su.

Bayan kin tace, kada ki zubar da ƙashin sa. Ki sake zuba ruwa ki dafa wasu awanni. Na biyun bai kai na farko ƙarfi ba, amma ya fi farin ruwa a dafa wake ko fate. Da Babbar Sallah ƙashin da ake zubarwa bayan an yanke tsokar suya ya isa ya riƙe miyar gida na makonni ga mai firiza.

Za ki ji ana cewa ruwan ƙashi yana maganin ciwon gwiwa, yana gyara fata, yana cike da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna kalsiyam ɗin da yake fita cikin ruwan kaɗan ne, nono ya fi shi da nisa, jelatin kuma furotin ne da bai cika ba, ba ya maye gurbin nama ko wake ko ƙwai. Ƙaurin da ake dafa wa mai jego al'ada ce mai kyau: abu ne mai ɗumi, mai ruwa, mai sauƙin shiga ciki, yana buɗe mata sha'awar abinci. A ba ta da naman a ciki da tuwonta. Ni mai girki ce, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, likitansa ne zai yanke masa gwargwadon gishiri. Abin da zan iya cewa daga kicin shi ne, ruwan ƙashi marar gishiri da daddawa su ne hanyar da na fi bi in abincin irin wannan mutum zai yi daɗi ba tare da dunƙule ba.

Ajiya

Ruwan ƙashi da romo suna lalacewa da sauri, kuma wanda ba gishiri ya fi saurin lalacewa. Akwai ƙwayoyin cuta da suke jure tafasa, da zarar ruwan ya koma ɗumi sai su farfaɗo su hayayyafa, wasunsu kuma suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Babbar tukunya a rufe tana iya kwana da ɗuminta, wannan kuwa shi ne yanayin da suka fi so. Ki tace shi da zafinsa, don albasa da guntayen nama su ne suke fara tsami. Ki raba a ƙananan robobi ko ki tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwan sanyi kina juyawa, ki sa a firij kafin awa biyu. A firij mai wuta kwana 3 zuwa 4, a firiza wata 3. Kitsen da ya daskare a sama ki bar shi sai ranar amfani, yana tare iska, in kin ɗaga shi kuma ga man soya albasa.

Inda wutar lantarki ba tabbas, ki dafa gwargwadon abin da za ki ƙarar a yini ɗaya ko biyu. Ɗumamen da iyayenmu suke yi safe da yamma yana taimakawa in an bar shi ya tafasa sosai na wasu mintuna, ba a kuma sa cokalin da aka lasa ba, amma a tsakiyar bazara kada ki dogara da shi ya wuce kwana ɗaya. In kin ga ƙananan kumfa suna tasowa alhali ba ya kan wuta, ko kin ji tsami, ki zubar.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce ƙonewa. Bayan tacewa da kwashe maiƙo, sai in mayar da shi wuta a buɗe, a nan ba laifi ya tafasa da ƙarfi, har lita huɗu ta koma ɗaya ko ƙasa da haka. In ya huce a firij yana yin tauri har a yanka da wuƙa. In zuba a farantin ƙanƙara, in ya daskare in juye a leda. Ba ya cin wuri a firiza, kuma ƙwaya biyu ko uku sun isa tukunyar miyar mutum shida. Ki sa su bayan kayan miya sun soyu kin tsaida ruwa, ki bari su narke, ki ɗanɗana, sannan ki yanke shawarar ko tukunyar tana buƙatar dunƙule ɗaya ko gishiri kaɗan ya isa.